Kafin a Kashe Wutar Ɗakin Saba

Ranar Laraba, 29 ga Oktoba 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, babu wanda ya tsaya kashe kwamfuta. Ma'aikacin banki, malamin Kwalejin Fasaha (Foli), akawun asibiti, kowa ya yi ta kansa. Wasu suka kama hanyar Hong da Gombi zuwa Yola, wasu suka bi ta duwatsu suka tsallaka Kamaru da ƙafa. Sai a tsakiyar Nuwamba aka ƙwato garin. A tsakanin nan an fasa bankuna, an shiga ofisoshi, kuma duk abin da ke cikin na'urorin da aka bari ya zama na wanda ya riga kai hannu. Wannan rufewar dole ce, ba a ganin laifin kowa. Amma akwai wata rufewar da ake yi cikin kwanciyar hankali, da rana tsaka, da takardar izini daga hedikwata, a ƙarshe kuma sirrin jama'a ya watse a kasuwa tamkar gudu aka yi. Abin da ya raba rufewar kirki da wannan shi ne gwanintar wasu 'yan tsirarun mutane da ba a cika jin sunansu ba, masu aikin sauke cibiyar adana bayanai idan wa'adinta ya cika.

Manyan cibiyoyin ƙasar nan suna Legas, irin su Rack Centre, sai na Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, a Abuja da Kano. Na Mubi ƙanana ne: ɗaki guda mai sanyi, ƙofarsa a kulle, a bayan banki ko a wani lungu na jami'a ko na Foli, ko a cibiyar rubuta jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. A ciki za ka tarar da dogon kabad na ƙarfe, tsayinsa kusan mita 2, an jera manyan kwamfutocin da ake ce wa saba a cikinsa, ga wayoyi, ga batura, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani dare da rana. Ƙanƙantar ɗakin ba ta rage nauyin abin da ke ciki. Sakamakon jarrabawar ɗalibai, albashin ma'aikata, lambobin BVN da NIN, hotunan fasfo, takardun marasa lafiya, duk a nan suke kwana.

Irin wannan ɗaki ba ya dawwama. Saba takan tsufa cikin 'yan shekaru, kamfanin da ya ƙera ta ya daina kula da ita. Hukuma takan kwashe ayyukanta ta mayar babbar cibiya a Abuja. Bankuna sukan haɗe, kamar yadda Access ya haɗiye Diamond a 2019, ko a soke lasisinsu, kamar yadda Babban Bankin Najeriya ya yi wa Heritage ranar 3 ga Yuni 2024 ya miƙa shi ga hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC. Duk lokacin da haka ta faru, a wani wuri akwai kabad cike da na'urori da za a kwance.

Abin da ya fara burge ni game da gwanayen wannan aiki shi ne ba sa fara shi da sukundireba. Da biro da takarda suke farawa. Injiniya zai shiga ɗakin da abokin aikinsa, su bi kabad daga sama har ƙasa: wace na'ura ce wannan, mece ce lambarta, faifan ajiya nawa ne a cikinta, wace waya ce ta shige ta, ina wayar ta nufa. Ɗaya yana karanta lambar da ƙarfi, ɗayan yana rubutawa, sannan ya maimaita masa. Daga nan su ɗauko rijistar kayan ofis su gwada da abin da idonsu ya gani. Da wuya su yi daidai. Akwai na'urar da ke rijista ba ta cikin ɗaki, akwai wadda ke cikin ɗaki ba wanda ya san ranar da ta shigo. Wanda ya ɗora ta ya yi ritaya, ko an yi masa canjin wurin aiki, ko ya riga mu gidan gaskiya. Wani bincike na 2015, wanda Jonathan Koomey, na Jami'ar Stanford a lokacin, yake cikin waɗanda suka yi shi, ya gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 na sabobin da aka duba suna kunne suna shan wuta amma sun yi wata 6 ko fiye ba su tsinana komai ba. Matsalar ita ce daga waje ba ka iya bambanta wadda ta mutu a tsaye da wadda ke riƙe da albashin mutum ɗari biyar.

A nan ne manaja yakan ƙosa. "Injiniya, ai wannan tun bara ba a amfani da ita. Ka kashe ta kawai mu wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata."

Abin da zai yi shi ne ya zare mata wayar sadarwa kawai, ya bar ta a kunne, ya zauna yana jiran wanda zai yi kuka. Idan bayan kwana biyu aka bugo daga sashen kuɗi cewa wani abu ya ƙi buɗewa, ya mayar da wayar cikin minti ɗaya, ya kuma san mai ita. Dalilin jiran ƙarshen wata kuwa, akwai ayyukan da ba sa motsi sai lokacin biyan albashi. A makaranta ma ya fi haka: wata manhajar ba a taɓa ta sai lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ko fitar da sakamako, saboda haka gwani zai nemi kalandar karatu ya duba kafin ya yanke wa kowace na'ura hukunci. Ba ya kashe mata wuta da wuri, domin tsohon faifan da ya shekara biyar yana juyi ba hutawa, idan ya tsaya ya huce, ba lallai ba ne ya sake tashi.

Mutane sukan ɗauka cewa aikin duka na gogewa ne. Rabinsa na adanawa ne. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankuna su riƙe bayanan hulɗa da abokan cinikinsu na aƙalla shekara 5. Ɗalibin da ya gama Foli shekara 20 da suka wuce yana iya dawowa gobe neman takardar sakamakonsa. Don haka kafin a goge ko harafi ɗaya, sai an kwashe abin da ya kamata a kwashe zuwa sabon gida, a kuma tabbatar ya isa lafiya. Gwani ba ya yarda da saƙon da kwamfuta ta nuna cewa kwafi ya kammala. Sai ya ɗauko kwafin ya buɗe shi a wata na'ura daban, ya kira mai sashen ya zauna ya nemo fayil ɗin da ya ga dama, ya gani da idonsa, ya sa hannu. Sau da yawa a wannan gwajin ne ake gano cewa kwafin ajiyar da ake tinƙaho da shi ya daɗe da lalacewa ba wanda ya lura.

Sai a zo kan faifan ajiya, inda gwanintar take da zurfi. Idan ka goge fayil, ko ka yi wa faifai fomatin na gaggawa, kwamfuta sunan fayil ɗin kawai take cirewa daga jerin sunaye, ta yi wa gurbinsa alamar cewa ana iya sake amfani da shi. Bayanin yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma manhajar da za ta tono shi kyauta ake samunta a intanet. Duk mai gyaran kwamfuta da ya taɓa dawo wa wani da hotunan bikinsa ya san wannan. A 2003 wasu ɗalibai biyu na MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa abin da suka samu bayan sun sayi tsofaffin faya-fayai 158 a gwanjo da shaguna. Guda 129 suna aiki, kuma 12 ne kacal aka goge yadda ya kamata. A cikin sauran sun tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000, ɗaya daga cikin faya-fayan ma daga na'urar ATM ya fito. A 2006 BBC ta nuna yadda ake samun bayanan bankin mutanen Birtaniya a faya-fayan da ake sayarwa a Legas. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi faifai a Gana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka. A wancan lokacin sirrin Turawa ne ke zuwa mana cikin kayan gwanjo. Yanzu da komai namu ya koma kwamfuta, namu ne ke fita.

Ƙa'idar da akasarin masu wannan sana'a ke bi ita ce ta hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, mai lamba 800-88. Ta kasa aikin gida uku gwargwadon nauyin sirrin da inda faifan zai tafi: sharewa ta hanyar rubuta wani abu a kan kowane gurbi, tsarkakewa ta yadda ko ɗakin bincike ba zai iya dawo da komai ba, sai kuma hallakarwa ɗungurungum. Gwani shi ne wanda ya san wanne ya dace da wanne.

Faifai mai juyi, idan lafiyarsa ƙalau, rubutu ɗaya daga farko har ƙarshe ya wadatar a na zamani, in dai an bi baya an duba. Sai dai abin yana cin lokaci. Faifai mai tarabayit 8 zai cinye fiye da awa 10, kuma a garin da wuta ba ta da tabbas, wannan lissafin dizal ne. Mai hankali yakan tanadi man janareta kafin ya danna maɓalli, domin faifan da wuta ta ɗauke yana tsakiyar sharewa, a wurinsa ba a share shi ba, daga farko za a koma. Faifan da ya lalace kuwa, wanda kwamfuta ba ta ma ganinsa, shi ya fi haɗari, don mutane sukan jefar da shi da sunan ya mutu alhali farantan da ke cikinsa suna ɗauke da komai. Irinsa ana sa shi a na'urar maganaɗisu mai ƙarfi da ke hargitsa rubutun, ko a niƙe shi.

Faifan SSD kuma wata duniya ce. Babu faranti a cikinsa, ƙananan ƙwayoyin lantarki ne, saboda haka maganaɗisu ba ya yi masa komai. Rubutu a kansa ma ba ya isa kowane lungu, domin yana ɓoye wani sashe na ajiyarsa don amfanin kansa. Wanda ya huda shi da dirila a wuri biyu ya tafi yana murna, wataƙila bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Ana ba shi umarnin tsarkake kansa da masana'anta suka gina masa, ko, idan tun asali bayanan a kulle suke da mabuɗin sirri, a hallaka mabuɗin, abin da ya rage ya zama tarkacen da ba ya karantuwa. In niƙawa za a yi, masu tsananin ƙa'ida ba sa yarda da ɓarɓashin da ya wuce milimita 2.

To, idan babu injin niƙa a kusa fa, kamar yadda yake a yawancin garuruwanmu? Na fi ganin ƙimar injiniyan da zai shimfiɗa tabarma a harabar ofis, ya sa tabarau na kariya da safar hannu, ya kwance murfin faifan da ƙaramin sukundireba mai bakin tauraro, har da dunƙulen da ke ɓoye ƙarƙashin takardar da aka manna, ya zaro farantan nan masu sheƙi ɗaya bayan ɗaya, ya goge fuskarsu da giranda, ya lanƙwasa su. Ya san na ƙananan faya-fayai sau da yawa gilashi ne, tarwatsewa suke yi, don haka yakan nannaɗe su a tsumma kafin ya buga. Mai binciken kuɗi na ofis yana tsaye, ana karanta lamba, ana ɗaukar hoto, ana soke ta a takarda. Aikin ba shi da kyan gani, amma faifan bai bar harabar da ransa ba.

Kuma ba a saba kaɗai faifai yake ba. Babbar na'urar fotokwafi tana da nata, ATM yana da nasa, haka akwatin da ke naɗar hotunan kyamarar tsaro. Na'urar da ke haɗa reshe da hedikwata tana riƙe da kalmomin sirri da taswirar hanyar shiga. A 2023 masu bincike na kamfanin ESET suka sayi irinta guda 18 na hannu. Cikin 16 da suka yi aiki, 9 suna ɗauke da bayanan kamfanonin da suka yi amfani da su. Sabon shiga yakan manta da waɗannan. Tsohon hannu da su yake farawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu ta Mubi lokacin lodi ya san abin da ke biye. Ana ƙirga shanu suna hawa tirela, a rubuta, mai rakiya ya hau tare da su, a can kudu a sake ƙirgawa suna sauka. In an loda 30 aka sauke 29, ba wanda zai karɓi zancen cewa ai yawancinsu sun iso. Haka faifai yake. Daga lokacin da aka danna maƙallinsa aka zaro shi daga saba, kowane hannu da ya taɓa shi sai ya sa hannu a takarda. Ana jera su a akwatin ƙarfe, a kulle, a ɗaura hatimi mai lamba. In za a kai su Yola ko Abuja, ba a ba direban tasha saƙo. Mutum biyu ne ke rakiya, a can kuma a duba hatimin kafin a buɗe, a sake ƙirgawa. Takardar shaidar da za a bayar daga ƙarshe ba ta cewa "an lalata faya-fayai". Kowanne da lambarsa, da yadda aka yi da shi, da rana, da sunan shaida.

Wanda yake ganin wannan tsanani ya yi yawa, ya dubi abin da ya sami Morgan Stanley, ɗaya daga cikin manyan bankunan Amurka. A 2016 bankin ya rufe cibiyoyinsa biyu, ya ba wani kamfanin kwasar kaya kwangilar, kamfanin da bai taɓa aikin hallaka bayanai ba. Kayan suka bi hannu zuwa hannu har suka faɗa gwanjon intanet. A 2017 wani masanin kwamfuta a jihar Oklahoma ya rubuto wa bankin cewa ya sayi faya-fayai cike da bayanansu. A 2020 hukumar da ke sa ido kan bankuna ta ci su tarar dala miliyan 60, a 2022 hukumar hannun jari ta ƙara musu dala miliyan 35, ta ce abin ya shafi mutum kusan miliyan 15. Yawancin na'urorin ba a sake ganinsu ba. Ba kuɗi bankin ya rasa ba, ba kuma injiniyoyi ba. Arha ya nema, bai kuma sa wanda zai ƙirga ba. A Japan ma, a 2019, wani ma'aikacin kamfanin da aka ba aikin lalata faya-fayan gwamnatin lardin Kanagawa ya ɗauke 18 ya sayar a intanet, da bayanan harajin jama'a a ciki.

Bayan sirrin mutane, sai ran mai aikin kansa. Ɗakin saba an gina shi ne don kada wuta ta ɗauke, wannan kuwa shi ne haɗarinsa ranar da ake son ta ɗauke. Ka kashe ta layi, janareta ya tashi da kansa. Ka kashe janareta, UPS mai aiki da batir ya karɓa. Ka kashe UPS, baturan da aka jera a bayansa suna nan da ƙarfinsu, a manyan na'urori yakan kai ɗaruruwan bolt, kafasitocin cikinsa kuma suna riƙe da caji na ɗan lokaci bayan an kashe. Gwanin lantarki yakan cire agogo da zobe tun daga bakin ƙofa. Kowane makunni da ya sauke, sai ya maƙala masa kwaɗo da takarda mai sunansa, ya jefa ɗan makullin a aljihu, don kada wani mai son taimako ya zo ya ɗaga yana tsakiyar aiki. Sannan ya gwada mitarsa a inda ya san akwai wuta, ya gwada wayar da zai taɓa, ya koma ya sake gwada mitar. Kwance kabad kuma daga sama ake farawa; wanda ya fara zare masu nauyin da ke ƙasa, kabad ɗin zai iya rinjayowa kansa. Tulunan iskar kashe gobara ana tsayar da su tun kafin ƙura ta tashi. Ba abin wasa ba ne: a 2016, a Bukares ta Romaniya, ƙarar fitar irin wannan iska lokacin gwaji kawai ta lalata faya-fayai da dama na bankin ING, ayyukansa suka tsaya kusan awa 10.

Baturan su ne suka fi damuna. Cike suke da dalma da ruwan asid, kuma ɗan Arewa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan dalma bayan yara fiye da 400 da ta kashe a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito. Baturin da ke da sauran rai, a gwada shi, ya tafi ya yi aiki a sola. Wanda ya mutu, idan ya faɗa hannun mai fasa shi da gatari a bayan gida ya zubar da ruwan a ƙasa, damina za ta kai shi inda yara ke wasa, ta kai shi kogin Yedzaram. Hukumar muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin sharar kayan lantarki tun 2011, an sabunta su a 2022, akwai kuma kamfanoni masu lasisin karɓar irin wannan kaya. Ba na cikin masu zagin 'yan gwangwan. Sana'a suke yi, suna kuma raba mu da tarkace mai yawa. Ƙarfen kabad da jan ƙarfen waya halalinsu ne. Faifai da batir ne bai kamata su isa hannunsu ba, kuma hana hakan aikin mai ofis ne, ba nasu ba.

Haka kuma ba gwaninta ba ce a farfasa komai don tsoro. Sabar da aka cire wa faya-fayai, aka share saitinta, za ta iya shekaru tana koyar da ɗalibai a ɗakin gwaji. Wanda ya san aikinsa yana hallaka kaɗan ne, ya ceci mai yawa.

Ƙarshen aikin ba a ganinsa da ido. A soke katin shiga ɗakin, a rufe asusun duk wanda ke da izinin shiga na'urorin daga nesa, a toshe hanyar da ta haɗa su da hedikwata, a dakatar da kuɗin intanet da na lasisin manhaja, waɗanda in ba a kula ba za a ci gaba da biyansu shekara da shekaru. Sannan a haɗa fayil guda: jerin farko, sa hannun masu sassa, takardun rakiya, shaidar hallakarwa. Tun da aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a Yunin 2023, wannan fayil ya zama garkuwa. Dokar ta ba da awa 72 a sanar da hukumar NDPC idan bayanan jama'a suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, kuma tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Mubi tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya tun 1979 da Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002, dukansu suna yaye masu ilimin kwamfuta da na lantarki. Ana koya musu haɗawa da kunnawa. Ya kamata a ware ko da mako biyu ne a koya musu saukewa, da tsofaffin na'urorin makarantar a gabansu. Ku kuma shugabannin ofisoshi, manajan banki, magatakarda, sakataren asibiti, shugaban ƙaramar hukuma: duk ranar da aka kawo muku takardar gwanjon tsofaffin kwamfutoci, kada ku sa hannu sai an ajiye muku jerin faya-fayan da ke cikinsu, kowanne da lambarsa da sunan wanda ya shaida abin da aka yi da shi.